Jini ko Tukunya

Baba yana ɓare goro a bakin shago, ya ce,
"Wane irin likita ne ba ya ba da magani?"
Na ce ni ƙirga nake yi.
Ya ce ƙirga ai ko yaron shagona ya iya,
kuma bai ci min shekara tara a jami'a ba.

Da hantsi nakan sauka daga mota a Aboabo,
akwatin ƙanƙara a kafaɗa,
kwalabe sittin, kowace tsawon ɗan yatsa,
da takarda mai tambaya arba'in da uku.
Sallama. A turo min kujera 'yar tsuguno.
Hajiya, kina shekara nawa kika yi haihuwar fari?
Wata nawa kika shayar?
Itace ko gawayi?
Bandar kifi sau nawa a mako?
Taba fa, ko ta ƙasan leɓe?
Nan ake dariya, a gyara mayafi.
Sai tambaya ta talatin da ɗaya,
wadda muryata ke rage tsawo a kanta:
a danginku, ciwon daji ya taɓa ɗaukar wata?

Wata ta ce ba a kiran sunansa cikin gida.
Wata ta ce jifa ne.
Wata ta lissafa min mata huɗu a yatsu,
ta tsaya kan babban yatsa,
ta dube shi, ta dube ni.

Sannan su tofa yawu a kwalba.
Yawun da ake tofa wa jariri addu'a da shi,
shi nake liƙa wa lamba.
A cikinsa akwai wasiƙar kakanni,
rubutun da ba tawada, ba allo,
harafi ɗaya ya karkace tun kafin a kafa Kumasi
ya bi ayarin goro, ya bi nono,
ya iso tsakar gidan nan.

Daren da wuta ta ɗauke a asibiti,
ni da Owusuaa muka ɗauko jarkar mai a ka,
muna roƙon janareta kamar mai naƙuda,
don kada yawun mata dubu ya narke.
Kuɗin binciken zai ƙare a watan tara.
Ba mu faɗa wa firijin ba.

Shekara uku, kwamfuta ta ba mu amsa
siririya kamar zaren lilo:
wataƙila.
Wataƙila hayaƙi, wataƙila gado,
a ƙaro mata dubu biyu a sake tambaya.

Lamba ɗari huɗu da sha bakwai
bai kamata in san ko wace ce ba.
Amma na san maiƙon da ya ɓata gefen takardar.
Inna Barikisu ce, mai wake da shinkafa a Alabar,
shekara ashirin da shida tana hura murhu kafin asuba.
Uwarta ma ta hagu ne ya tafi da ita.
To, jini ne ko tukunya?
Ta tambaye ni haka a gadon asibiti,
ba don kanta ba, ta ce, don 'yan matan.
Na ce muna kan dubawa.
Ta ce, "Ku yi sauri, amma kada ku yi ƙarya."

Akwai kwalba ɗaya a aljihun teburina,
ba lamba, ba yawu.
Nakan buɗe, in rufe.

Jiya Baba ya raka ni bakin titi,
ya karɓi akwatin, ya ji nauyinsa, ya yi shiru.
Da mota ta tsaya ya ce,
"Maza fa, ba ku ƙirga su?
Uwata ce ita ma."